In Kun Je Garin Sarakunan Da: Nasiha Ga Matasan Lafiya



A 'yan shekarun nan fita ƙasar waje ta daina zama abin manyan attajirai da manyan ma'aikata kaɗai. Wani ya samu gurbin karatu a Alƙahira, wata ta tafi Turkiyya neman digiri, wani ya raka mahaifinsa asibiti a Indiya, wani kuma maigidansa ya aike shi ƙasar Sin sayo kaya. Duk waɗannan ƙasashe sun ga manyan dauloli, kuma fadojinsu da masallatansu da ganuwoyinsu suna nan tsaye. Amma abin da yawancinku kuke dawowa da shi bai wuce hotuna a waya ba. In aka ce wa ya gina wannan da ka tsaya a gabansa, kuma don me, sai a yi tsit. In aka ce me ka ci a can, sai ya ce ai Indomie ya yi ta dafawa a ɗaki, yana haɗawa da garin kwakin da ya tafi da shi.

An ce tafiya mabuɗin ilimi, amma ba ta buɗe wa kowa. Tana buɗewa ne ga wanda ya tafi da tambaya a bakinsa, ya kuma san gidansu daidai gwargwado, har in ya ga na wasu yana da abin da zai auna shi da shi. A kan wannan nake son mu yi magana.

Ba ku ne farkon zuwa ba

Ku fara da sanin cewa hanyar da kuke bi tsohuwa ce. Barebari ne suka kafa garinmu, ƙarƙashin Muhammadu Dunama, a ƙarshen ƙarni na 18, shi ya sa ake ce masa Lafiyar Barebari. Ƙasar da kakanninsu suka fito, Borno, ta daɗe tana hulɗa da biranen da kuke zuwa yau. Tun ƙarni na 13 mutanen Kanem, tushen daular Borno, suka ba da dukiya aka gina makaranta da masauki a Alƙahira domin ɗalibansu da alhazansu, daga baya kuma aka ware wa ɗaliban Borno sashe nasu a Azhar. A shekarun 1570 Mai Idris Alooma ya aika jakadu Santambul, Sarki Murad na Uku ya ba shi amsa a rubuce. Wani malami Bakatsine, Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari, ya zauna a Alƙahira ana girmama shi, a gidan malami Hasan al-Jabarti, a can kuma ya rasu a 1741. Kafin su, Mansa Musa na Mali ya ratsa birnin a 1324 a kan hanyarsa ta Makka.

Wanda ya san wannan, in ya shiga farfajiyar Azhar ba zai shiga a rakuɓe ba, ba kuma zai shiga da girman kai ba. Zai shiga ne a matsayin jikan mutanen da suka taɓa shimfiɗa buzu a wurin. Kuma in abokin karatunsa Bamisire ko Baturke ya ce masa, "Ku a ƙasarku me kuke da shi?", zai samu abin faɗa da ya wuce ƙwallon ƙafa da man fetur.

Wa ya ɗauki dutsen, me ya ci, me ya sha?

Mai yi wa baƙi jagora zai ba ku sunan sarki da shekarar gini. Ku karɓa, amma kada ku tsaya a nan. Sarki bai taɓa ɗaukar dutse ba. Ku tambayi waɗanda suka ɗauka.

Babbar dalar Giza, wadda aka gina wa Fir'auna Khufu shekara wajen 4,500 da suka wuce, tsayinta ya kai mita 146 lokacin da aka gama ta, kuma an ƙiyasta duwatsun da ke jikinta sun haura miliyan biyu. Idon baƙo a kan tsayin yake tsayawa. Amma kudu da dalar masu tonon tarihi sun gano unguwar ma'aikata, da wuraren gasa burodi, da tulin ƙasusuwan shanu da tumaki da aka yanka aka ciyar da su, har da maƙabartarsu. A 2013 kuma aka samo wasu tsofaffin takardu a gaɓar Bahar Maliya, inda wani shugaban ma'aikata mai suna Merer ya riƙa rubuta yadda ayarinsa ke ɗauko farin dutse daga Tura a jirgin ruwa zuwa Giza. Ashe bayan dutsen akwai manomi da makiyayi da mai gashi da matuƙin jirgi da magatakarda. In ɗaya ya yi sakaci, gini ya tsaya.

A tsibirin Rauda, cikin Alƙahira, akwai wani ƙaramin gini da baƙi ba su cika zuwa ba: rijiya ce mai ginshiƙi a tsakiya, an gina ta a 861, a zamanin da da ita ake auna cikar kogin Nilu kowace shekara. Daga awon ne hukuma ke gane ko za a yi yabanya ko za a yi yunwa, da kuma irin harajin da manomi zai iya ɗauka. Ɗalibin aikin gona daga Jami'ar Tarayya ta Lafiya zai fi ƙaruwa da rabin sa'a a bakin wannan rijiya fiye da yini guda a kan raƙumin haya.

Haka yake a Santambul. Kowa yana rububin shiga Aya Sofiya, wadda Sarkin Rumawa Justiniyan ya gama a 537 a matsayin coci, ta koma masallaci a 1453 da Sultan Muhammadu na Biyu ya ci birnin, ta zama gidan tarihi a shekarun 1930, ta sake komawa masallaci a 2020. Ku shiga, ku ɗaga kai ku kalli ƙubbarta. Sannan ku tsallaka titi ku sauka ƙarƙashin ƙasa, inda Justiniyan ɗin ya gina matattarar ruwa mai ginshiƙai 336, domin birnin da abokan gaba za su iya yi wa ƙawanya dole ya tanadi abin sha. Ku hau tudu zuwa masallacin Sulaimaniyya, aikin gwanin magina Sinan tsakanin 1550 da 1557, ku zagaya bayansa. Za ku tarar an gina shi tare da makarantu da asibiti da gidan wanka da madafar da ake ciyar da ɗalibai da matalauta kyauta, duk da kuɗin waƙafi. A fadar Topkapi ma, bayan kun ga ɗakin da aka ajiye kayan tarihi masu alfarma, kada ku wuce jerin madafan fada masu dogayen bututun hayaƙi, inda a da ake dafa wa dubban mutane abinci kullum.

Wanda ya je Beijin ya ga fadar sarakunan Sin da aka gina tsakanin 1406 da 1420, inda sarakuna 24 suka zauna, ya tambayi daga ina hatsin birnin yake zuwa. Za a nuna masa kogin da aka haƙa da hannun mutane, mai tsawon kusan kilomita 1,800, wanda a zamanin sarakunan ta cikinsa ake kawo shinkafa daga kudu. Duk daular da ta daɗe, in kun bincika, sai kun tarar ta iya ruwa, ta iya rumbu, ta iya rubutu da ajiyar lissafi.

Me ya kayar da su?

Tambaya ta gaba ita ce wadda littattafan addininmu suka fi ja mana hankali a kanta: ina masu gidan? Kada ku gamsu da amsar "ai zamani ne." Zamani yana da hanyoyin da yake bi, kuma ana iya ganinsu.

Sarakunan Usmaniyya na Turkiyya sun bar Topkapi a 1856 suka koma sabuwar fada, Dolmabahce, a bakin ruwa, wadda aka yi wa ado irin na Turai da zinariya da manyan fitilun gilashi. Shekara biyu kafin wannan ƙaura, a 1854, daular ta ci bashinta na farko daga Turawa, lokacin yaƙin Kirimiya. Bashi ya bi bayan bashi. A 1875 ta kasa biya, a 1881 kuma aka kafa hukumar da masu bin bashi ke karɓar wasu harajin ƙasar kai tsaye. A 1922 aka soke sarautar. In kun ga fadojin biyu a rana ɗaya, kuna riƙe da waɗannan shekaru a ka, kun yi karatun da ya shafi kasafin kuɗin jiha da na ƙasa, har da na gidan da za ku kafa gobe.

A Agra ta Indiya, Sarki Shah Jahan ya fara gina Taj Mahal a 1632 domin kabarin matarsa Mumtaz Mahal. A 1658 'ya'yansa suka yi yaƙin gado, ɗansa Aurangzeb ya yi nasara, ya tsare uban a cikin ganuwar Agra har ya rasu a 1666. Sarkin ƙarshe na gidan, Bahadur Shah Zafar, Turawan Ingila ne suka kore shi zuwa Rangun a 1858. Rikicin gado, bashi, nisa tsakanin fada da talaka, raina sabon ilimi: ba wanda ya zama baƙo a kunnen ɗan Najeriya. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Abincin mutane

Yanzu mu zo kan ciki, inda da yawanku kuke nuna tsoro. Wanda ya ƙi abincin gari ya rufe wa kansa ƙofar mutanen garin, domin a bakin kwano ake sabo. Kuma in kun ɗanɗana za ku ga baƙuntar ba ta kai yadda kuke zato ba.

Miyar da Misirawa ke ji da ita, mulukiyya, ganyen lalo ne. Karkade da suke sha da zafi ko da sanyi, zoɓo ne. Bamiya kuɓewa ce. Ta'amiyyar da ake soyawa da safe a bakin titi danginsu ɗaya da ƙosai, sai dai da wani babban wake ake yin ta, da ganyaye a ciki. Wannan waken ne kuma ake dafawa ya yi lugub a zuba masa mai da lemon tsami, shi ne ful, karin kumallon talaka da mai kuɗi. Kushari kuwa shinkafa ce da taliya da ƙananan wake da suke kira adas, da miyar tumatir da soyayyar albasa a sama, babu nama, ga arha ga riƙe ciki, shi ne gatan ɗalibi. A Turkiyya za a miƙo muku ayran, nono ne da aka sirka da ruwa aka sa masa gishiri. Wanda ya taso da nonon Fulani a tashar mota ba zai yi masa wuyar sha ba.

Ga wanda na fi son ku lura da shi. A kowace kusurwa ta Santambul akwai mai tura keke yana sayar da simit, wani zagayayyen burodi da aka lulluɓe da riɗi. A kantuna akwai tahina, wato niƙaƙƙen riɗi a kwalba, da halawar da ake yi da ita. Turkiyya tana cikin manyan masu sayen riɗin Najeriya, jiharmu kuma tana cikin manyan masu nomansa: Doma, Keana, Awe, Obi da ƙauyukan Lafiya. Mu mun san shi a miya da kantu, sauran kuwa mu ɗure shi a buhu mu loda wa tirela. Ku tsaya a kantin, ku karanta farashin ƙaramar kwalbar tahina, ku mayar da shi naira, ku tuna nawa dillali ya sayi mudu a kasuwar Doma. Tazarar da ke tsakanin farashin biyu tankaɗe ce da wanki da gashi da niƙa da kwalba da takardar shaidar tsafta. Babu ko ɗaya a ciki da ya fi ƙarfin ɗan Lafiya. In mutum ɗaya a cikinku ya dawo da wannan tunani ya sa shi a aiki, kuɗin jirginsa ya fita.

Halal da lafiyar ciki

Ɗanɗanawa ba ta nufin rufe ido. A Masar da Turkiyya Musulmi ba shi da wahala sosai. A ƙasar Sin kuwa naman alade da kitsensa suna shiga abinci da yawa, har wanda ba a ganin nama a ciki. Mafita ita ce gidajen abincin Musulmin ƙasar, 'yan ƙabilar Hui da Uigur, waɗanda galibi allonsu kore ne, wani lokaci da rubutun Larabci. Taliyarsu ta hannu da romon naman sa, wadda ta samo suna daga birnin Lanzu, tana ko'ina, a Guanzu kuma unguwar Shiyawbe cike take da irin waɗannan wurare. Ku sa wani ya rubuta muku a waya, da harshen ƙasar, abin da ba ku ci, ku riƙa nunawa. A Indiya duk abincin leda ko gwangwani mai ɗigon kore a cikin murabba'i ba shi da nama. Kada ku shiga gidan abinci kuna neman naman sa da ƙarfi, domin saniya abar girmamawa ce ga mabiya Hindu, kuma jihohi da dama sun hana yanka ta.

Ciki kuma yana son a bi shi a hankali. Ku ci abin da aka sauke daga wuta a gabanku. Ku zaɓi wurin da 'yan gari suka yi layi, musamman mata da yara, don abinci ba ya kwana a irinsa. Ku sha ruwan roba da ba a buɗe ba, ku bar ƙanƙara da ɗanyen ganye a kwanakin farko. Ku sa 'yan ƙunshin garin gishiri da sukari na gudawa a jaka. Mai ciwon suga ya yi hattara da kayan zaƙin Turkawa da na Indiyawa, mai gyambon ciki ya tambayi yawan yaji kafin a zuba. In abu bai yi muku ba, ku ajiye cokali cikin mutunci. Kada ku yatsine fuska ko ku ɗauki bidiyo kuna dariya. Ku tuna yadda za ku ji in baƙo ya yi wa sakwara da miyar riɗin mahaifiyarku haka.

Ladabin baƙo

Wuraren nan ba dandalin wasa ba ne. Wasu kaburbura ne, wasu wuraren ibada. A tsohuwar Alƙahira, masallacin Amru ɗan Asi, na farko a Masar, da tsohuwar cocin Kibɗawa da ake kira Mu'allaƙa, da wurin ibadar Yahudawa na Ben Ezra, duk ana zagaya su a ƙafa. Ku da kuka taso a jihar da Musulmi da Kirista ke cin kasuwa ɗaya, Alago da Eggon da Gwandara da Migili da Barebari da Hausawa da Fulani da Tibi, kun riga kun san yadda ake shiga wurin ibadar wani: sutura ta kamala, murya ƙasa-ƙasa, a cire takalmi inda ake cirewa, a nemi izini kafin a ɗauki hoton mutum.

Kada ku rubuta sunanku a bango. Kada ku hau abin da aka hana hawa. Hawan dala laifi ne a dokar Masar. Kada ku tsinci dutse ko tsohon kwabo ku sa a jaka don tsaraba, domin Turkiyya tana kama mutane a filin jirgi a kan haka. Ku yi ciniki ku gama kafin ku hau tasi ko raƙumi ko doki, ku kuma tabbatar kuɗin zuwa da dawowa ne. Ku tafi da katin makaranta, don a Masar ana yi wa ɗalibai rangwamen tikiti. Ku duba ranar hutu kafin ku fita: Taj Mahal a rufe take ranar Juma'a, Topkapi ranar Talata, fadar Beijin ranar Litinin. Ku ajiye kwafin fasfo daban da fasfon, da lambar ofishin jakadancinmu, da katin rigakafin shawara.

Babba a cikinsu duka: kada ku karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko a rufe ko a buɗe, ko da ya yi rantsuwa magani ne na mahaifiyarsa. Mutane masu mutunci sun shiga ɗauri a ƙasashen waje saboda kunyar cewa a'a. Guzurinku ma ku tambaya kafin ku ɗaure shi. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana matafiyi shiga da nama, kilishi kuwa nama ne, Saudiyya kuma ta hana shiga da goro.

Ku fara daga ƙofar gida

Wani zai ce shi ba shi da kuɗin jirgi, wannan magana ba tasa ba ce. Tasa ce, har ma ta fi zama tasa. Idon da zai karanta Alƙahira a gida ake wasa shi, kuma kuɗin mota ya isa.

Ku je Keana ku ga yadda mata ke tace ƙasa suna dafa gishiri, sana'ar da ta daɗe tana jawo fatake yankin nan, ku tambayi yadda take da alaƙa da sarautar Osana. Ku je Doma ku ji tarihin Andoma daga bakin dattawan Alago, da abin da suke faɗa game da Kwararrafa. Ku je Keffi ku tambayi labarin Magaji Ɗan Yamusa, wanda ya kashe Kyaftin Moloney a 1902 ya nufi Kano, abin da ya shiga cikin hujjojin da Turawa suka kafa suka auka wa Kano a 1903. In kun isa Kanon, ku tsaya a abin da ya rage na ganuwar da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, ku ga Gidan Rumfa da Kasuwar Kurmi da marinar Ƙofar Mata. Ku ga hasumiyar Gobarau a Katsina. Ku karanta labarin Sukur a Adamawa, wurin farko a Najeriya da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1999, da masallacin Agadas mai hasumiyar laka ta mita 27. A kowane wuri ku yi tambayoyin nan dai: wa ya yi aikin, me ya ci, ina ya samu ruwa, me ya kawo rauni.

Za ku lura da wani abu mai ciwo. Wasu ƙasashe suna samun kuɗin shiga da aikin yi daga gine-ginen kakanninsu, mu kuwa muna ɗebe ƙasar ganuwa muna buga bulo, muna zuba shara a gindinta. Gininmu na laka ne, yana buƙatar yaɓe duk bayan damina, in aka bar shi shekara goma sai ya koma tudu. Tarihin baka ma haka yake, da dattijo ɗaya yake tafiya. Wayar da kuke ɗaukar kanku hoto da ita tana naɗar murya. Ku zauna da kakarku ko limamin unguwa ko wani tsoho na fada, ku tambaye su sunayen tsofaffin ƙofofi da unguwannin Lafiya, da yadda zuwan jirgin ƙasa ya sauya kasuwa, da abin da ake dafawa a biki kafin shinkafa ta mamaye ko'ina. Ku rubuta, ku ajiye, ku ba ɗakin karatun makarantarku kwafi.

In kuma Allah ya nufe ku da fita, ku ware kwana ɗaya ku karanta tarihin garin kafin ku tashi, ku sayi ƙaramin littafin rubutu, ku cika shafi guda kowane dare da abin da kuka gani da abin da kuka ci da farashinsa. Da kun dawo, ku tara ƙannenku ku ba su labari dalla-dalla, yadda wanda bai je ba zai ƙaru da zuwanku.

Allah ya tsare hanya, ya sa ku je a sa'a ku dawo a sa'a, ya amfanar da garinmu da abin da kuka gano.